Yadda Ake Warware Matsalar Kalmar Sirri, Sabuntawa da Antibairos a Kwamfutar Windows

Waɗannan matsaloli uku sukan zo a sarƙe da juna. Antibairos ɗin da wa'adinsa ya ƙare yana iya hana sabuntawa shiga. Sabuntawar da ta taɓa tushen kwamfuta tana iya sa Windows ya nemi mabuɗin BitLocker, wato tsarin da ke kulle ma'ajin kwamfuta, mabuɗin kuma yana can cikin asusun Microsoft da aka manta kalmar sirrinsa. Agogon da ya kauce kuwa, shi kaɗai ya isa ya rikita dukkansu. Don haka tsarin bin gyaran yana da muhimmanci: a fara da ƙananan abubuwa, a bar goge kwamfuta sai an rasa yadda za a yi. Sunayen maɓallan da ke ƙasa an rubuta su yadda suke fitowa a fuskar Windows 11 ta Turanci. A Windows 10 wurarensu sun ɗan bambanta, amma aikin ɗaya ne.

Kafin ka taɓa komai

Idan har kana iya shiga kwamfutar, fara adana mabuɗin BitLocker. Lambobi 48 ne, kuma idan ma'ajin kwamfutar a kulle yake, duk gyaran da ya taɓa BIOS (manhajar tushe da ke tayar da kwamfuta), ko TPM (sashen tsaro da ke riƙe mabuɗai), ko yanayin ceto, yana iya tsayar da kai a shuɗin allo yana neman su. Mutane da yawa ba su ma san nasu a kulle yake ba, domin tun daga Windows 11 24H2 kullewar takan kunna kanta idan aka saka Windows sabo aka shiga da asusun Microsoft. Buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey a waya, ko kuma ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da ikon admin (Run as administrator) ka rubuta `manage-bde -protectors -get C:`. Kwafe lambobin a takarda. Idan mabuɗai da yawa ka tarar a asusun, haruffa takwas na farkon Key ID da allon ya nuna su za su gaya maka wanne ne naka. Wanda ya rasa mabuɗin nan ya rasa fayilolinsa, ko Microsoft ba ta iya buɗe masa.

Na biyu, duba kwanan wata da lokaci. Shafukan intanet masu tsaro suna aiki da takardun shaida masu wa'adi, idan agogon kwamfuta ya koma shekarun baya sai ta ɗauki takardun a matsayin na bogi ta ƙi haɗuwa. Je Settings, Time & language, Date & time, ka gyara yankin lokaci, ka danna Sync now. Idan kullum aka kashe kwamfutar lokaci sai ya sake ɓacewa, ƙaramin batirin da ke kan babban allonta ne ya mutu. A kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, mai kama da kwabo, canza shi bai wuce aikin minti biyar ba.

Na uku, yi Restart, kada ka yi Shut down. Saboda tsarin Fast Startup, Shut down yakan ajiye wani ɓangare na Windows yadda yake ya dawo da shi gobe, har da matsalar. Restart ne ke tayar da komai daga farko.

Kalmar sirri ta ƙi shiga

Sau da yawa kalmar daidai take, kibod ne ke rubuta wani abu dabam. Danna alamar ido da ke ƙarshen akwatin ka ga abin da ya fito. Duba Caps Lock. A wasu ƙananan laftof, idan Num Lock na kunne, haruffan U, I, O, J, K, L da M sukan koma lambobi. Sannan duba harshen kibod a kusurwar dama ta ƙasa: a tsarin Amurka Shift da 2 yana ba da @, a tsarin Ingila kuwa alamar zance yake bayarwa. A tsarin Faransa A da Q sun yi musayar wuri, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Idan kana zargin wani maɓalli ya mutu, kira kibod na kan allo daga alamar Accessibility. Kuma kada ka yi ta canki-canki: sababbin Windows 11 sukan rufe asusun cikin gida na minti 10 bayan kuskure 10 a jere.

In kibod lafiya yake, sai ka tantance wane irin mabuɗi ake nema, domin kowanne da hanyarsa.

PIN ba kalmar sirri ba ce. A cikin kwamfutar kaɗai take zaune, canza kalmar sirri a intanet ba ya taɓa ta. Idan ita ka manta, danna I forgot my PIN, ka tabbatar da kanka da asusun Microsoft, ka zaɓi sabuwa. Ko ka danna Sign-in options ka shiga da kalmar sirri. Idan allon ya ce ka rubuta A1B2C3, kada ka tsorata, tsaro ne da ke fitowa bayan kuskure da yawa. Rubuta shi, ka sake gwadawa a natse.

Idan adireshin imel ne ke ƙarƙashin sunanka, asusun Microsoft ne. Ɗauki waya ko wata kwamfuta ka shiga account.live.com/password/reset, ka saka adireshin, ka zaɓi inda za a turo lambar tabbatarwa. Bayan ka canza, dole ka haɗa kwamfutar da intanet tun daga allon shiga, ta alamar Wi-Fi da ke kusurwa. Nan ne mutane ke rikicewa: kwamfutar da ba ta kan intanet tsohuwar kalma ta sani, sabuwar ba ta iso mata ba, sai ta ƙi ta.

Lambar tabbatarwa ta ƙi zuwa? Duba akwatin tarkacen imel. Duba ko lambobin ƙarshe na wayar da aka nuna na layin da kake riƙe da shi ne yanzu. Kada ka yi ta danna a sake turowa, don sabuwar lamba takan soke ta baya, yawan nema kuma yana sa a dakatar da kai na wani lokaci. Idan manhajar tabbatarwa kake amfani da ita, lambobinta kan canza duk daƙiƙa 30 kuma da agogon waya suke aiki, saboda haka saka lokacin wayar a kan na atomatik.

Idan layin da imel ɗin ajiyar duk sun ɓace, saura fom ɗin da ke account.live.com/acsr. Cika shi a na'ura da wurin da ka saba shiga asusun, ka rubuta tsofaffin kalmomin sirri, adiresoshin mutanen da ka aika wa saƙo da kan saƙonnin daidai yadda suke. Amsa takan zo cikin awa 24, kuma ana iya gwadawa sau biyu a rana. Abu biyu ya kamata ka sani. Fom ɗin ba ya aiki ga asusun da aka kunna wa tabbatarwa mai mataki biyu. Sannan wanda ya san kalmar sirrinsa amma ya sauya dukkan bayanan tsaro a lokaci guda, sai ya jira kwana 30 kafin sababbin su fara aiki. An yi haka ne don ɓarawon asusu, amma mai shi ma yana shan jiran.

Asusun cikin gida, wanda ba shi da imel, ya fi wuya, domin babu wani kamfani da ke riƙe da kalmarsa. Bayan ka yi kuskure sau ɗaya, Reset password zai fito, ka amsa tambayoyin tsaro uku da ka zaɓa ranar buɗe asusun. Wannan tsari ya fara ne daga Windows 10 sigar 1803 ta shekarar 2018. Idan akwai wani asusun admin a kwamfutar, a shiga da shi, a buɗe Command Prompt da ikon admin, a rubuta `net user` don ganin sunaye, sannan `net user Suna *` tare da saka sunan asusun a wurin Suna. Zai nemi sabuwar kalma sau biyu, kuma ba za ka ga komai yana fitowa ba yayin da kake rubutawa, haka yake. Sai dai akwai asara: fayilolin da mai asusun ya kulle da EFS, tsarin Windows na kulle fayiloli ɗai-ɗai, da kalmomin sirrin da Windows ya ajiye masa, ba za su ƙara buɗuwa ba, saboda da tsohuwar kalmar aka ɗaure su. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, a fara kwashe fayiloli ta hanyar cire ma'ajin a jona shi da wata kwamfuta, sannan a sake saka Windows. Kwamfutar wurin aiki ko makaranta kuwa, yawanci sashen kula da na'urori ne ke da ikon canza kalmarta.

Wani abu a gefe: saƙon da ya ce ka danna nan ka canza kalmar sirri alhali ba kai ka nema ba, kada ka bi mahaɗinsa. Rubuta adireshin shafin da hannunka.

Sabuntawa ta maƙale ko ta ƙi shiga

Microsoft kan fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Masu kashe sabuntawa gaba ɗaya don gudun wahala su tuna da bairos ɗin WannaCry: a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Birtaniya, alhali an fitar da maganin ɓarakar da ya bi tun watan Maris. Idan lokacin bai dace ba, Pause updates yana ba da jinkiri har mako biyar, wannan ya wadatar.

Je Settings, Windows Update, Update history, ka rubuta lambar kuskuren da lambar sabuntawar da ta gaza, wadda ke farawa da KB. Lambar kuskure tana rage yawo. 0x80070070 na nufin fili ya ƙare. 0x80072F8F yawanci agogo ne. 0x80070002 na nufin wani fayil ɗin da aka sauke ya ɓace ko bai cika ba. 0x80073712 da 0x800F081F suna nuna cewa rumbun da Windows ke ajiye kayan gyaran kansa ya lalace. 0x80070005 kuwa hana izini ne, kuma sau da yawa antibairos na wani kamfani ne ya tare hanya.

Fara da fili. A Settings, System, Storage, Temporary files, zaɓi Windows Update Cleanup da sauran tarkace, amma ka lura kada ka sa alama a Downloads, don zai share abin da ka sauke da kanka. Ga babbar sabuntawa ta shekara, yi ƙoƙarin barin GB 20 ko fiye. Cire filashi, firinta da duk abin da ba dole ba, kashe VPN, jona caja. Duba kuma ko an saka haɗin intanet ɗin a kan Metered connection, domin a wannan yanayi Windows yakan ƙi sauke yawancin sabuntawa don tattalin data. Daga nan gwada mai binciken matsala da ke System, Troubleshoot, Other troubleshooters.

Idan bai yi ba, a zubar da abin da aka sauke a fara sabo. Buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter:

`net stop wuauserv`
`net stop bits`
`net stop cryptsvc`
`ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old`
`ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old`
`net start cryptsvc`
`net start bits`
`net start wuauserv`

Layuka ukun farko suna tsayar da ayyukan da ke riƙe da foldojin, biyun tsakiya suna canza musu suna don Windows ya ƙirƙiri sababbi, na ƙarshe suna tayar da ayyukan. Canza suna ya fi sharewa, saboda ana iya komawa baya. Idan aka ce Access is denied, ko dai ba da ikon admin ka buɗe ba, ko wani aikin ya sake tashi da kansa: yi Restart ka maimaita nan take. Binciken farko bayan wannan yakan daɗe, kada ka ɗauka ya sake maƙalewa.

Ga kuskuren lalacewar rumbu, jerin yana da muhimmanci. Fara da `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`, sannan `sfc /scannow`. Dalili kuwa, sfc daga rumbun yake ɗebo fayilolin da zai yi gyara da su, idan rumbun ne ya lalace ba shi da abin ɗauka. DISM na buƙatar intanet, kuma an san shi da tsayawa a wajen kashi 62 cikin 100 na tsawon lokaci kamar ya mutu. Ƙyale shi, zai wuce. Idan KB guda ce ke ta gazawa, nemi lambarta a shafin Microsoft Update Catalog, ka sauke wadda ta dace da sigarka da nau'in injinka (processor), x64 ko ARM64, ka saka da hannu. Makami na ƙarshe kafin gogewa shi ne Reinstall now da ke System, Recovery, ƙarƙashin Fix problems using Windows Update. Yana sake shimfiɗa Windows ba tare da taɓa fayiloli ko manhajoji ba.

Idan allon ya tsaya a kan wani kaso yana cewa kada a kashe, ba shi awa biyu zuwa uku, musamman a kwamfuta mai tsohon ma'aji mai juyawa. Bayan haka danne maɓallin wuta na daƙiƙa 10. Yawanci Windows zai janye abin da ya fara ya koma yadda yake. In ya ƙi tashi, kashe shi da maɓallin wuta da zarar tambarin ya bayyana, sau biyu a jere, a tashi na uku zai shiga yanayin ceto. Bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka cire ta baya-bayan nan. A nan ne takardar BitLocker ɗin za ta yi rana. Babbar sabuntawa kuma ana iya janye ta da Go back cikin kwana 10 kacal, matuƙar ba a share foldar Windows.old ba.

Windows 10 ya daina samun tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Idan kwamfutar ta ƙi karɓar Windows 11, manhajar PC Health Check za ta faɗi dalili. Ana buƙatar TPM 2.0, RAM na GB 4, ma'aji na GB 64 da injin da ke cikin jerin da aka amince da shi. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake a BIOS, da sunan PTT a injin Intel ko fTPM a na AMD.

Antibairos

Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu antibairos, Microsoft Defender, kuma ga mai amfani na yau da kullum ya isa. Da zarar an saka wani antibairos, Defender yakan ja da baya da kansa. Matsala tana farawa ne idan aka tara biyu na waje, su zama kamar zakaru biyu a akurki ɗaya: kowanne na binciken fayil ɗin da ɗayan ya taɓa, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci har ta faɗi. Haka kuma na gwaji da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, wa'adinsa ya ƙare amma bai fita ba. Buɗe Windows Security, Settings, Manage providers ka ga wa ke tsaro a yanzu. Cire wanda ba ka so ta Installed apps, sannan ka bi da kayan sharewa na kamfanin, domin cirewar yau da kullum takan bar saura: MCPR na McAfee, kavremover na Kaspersky, avastclear na Avast, Norton Remove and Reinstall na Norton. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke su. Yi Restart, Defender zai dawo.

Idan Defender ya ƙi kunnuwa, ko ya ce mai kula da tsarin ya hana alhali kwamfutarka ce ta kanka, yi zargin bairos ko manhajar sata. Kayan kunna Windows da Office na bayan fage sun saba kashe tsaro su bar shi a kashe. Shiga Virus & threat protection, Manage settings, ka tabbatar Tamper Protection na kunne, sannan ka gangara zuwa Exclusions. Duk abin da ka gani a can da ba kai ka saka ba, musamman C: gaba ɗaya ko foldar Temp, cire shi. Dabara ce ta bairos: ya keɓe wa kansa wurin da ba a bincike, Defender ya yi ta nuna kore alhali ɓarawo na cikin gida.

Daga nan zaɓi Scan options, Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya buɗe, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Don ƙarin tabbaci akwai Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki kwana 10 bayan saukewa, don haka sabo ake ɗaukowa kowane lokaci. Idan an kama wani abu mai satar bayanai, gogewa ba ta wadatar ba. Canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, fara da imel tunda ta nan ake sake saita sauran, ka kuma fitar da dukkan na'urori daga asusun, saboda irin wannan bairos yakan sace shaidar shiga da burauza ta ajiye, wadda ke aiki ko ba kalmar sirri.

Antibairos ma yana kuskure. Idan ya kama fayil ɗin da ka tabbatar da asalinsa, yana nan a killace cikin Protection history, ana iya dawo da shi. Kafin ka yi haka, gwada shi a VirusTotal, inda injunan bincike masu yawa ke duba fayil guda. Injin ɗaya ko biyu sun yi ƙara, mai yiwuwa kuskure ne. Goma sha wani abu sun yi, rabu da shi. Kada ka ɗora takardun sirri a can, don masu binciken tsaro suna iya ganin abin da aka ɗora. In za ka keɓe wani abu daga bincike, keɓe fayil ɗin kaɗai, kada ka keɓe foldar Downloads.

Saƙon da ke tsalle daga kusurwa yana cewa an kama bairos biyar, ko shafi mai ƙara da lambar waya a jiki, yawanci ba bairos ba ne, talla ce ta damfara. Saƙonnin kuskure na Microsoft ba sa ɗauke da lambar waya. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka rufe burauzar daga Task Manager, idan ta sake buɗewa kada ka yarda ta dawo da shafukan baya. A Chrome shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Duba Extensions ma.

Filashin da foldojinsa suka koma gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya, fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna ko ɗaya daga cikin masu kibiyar, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Yi wa filashin bincike tukuna, sannan ka rubuta `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` tare da canza E zuwa harafin filashinka. Foldojin gaskiya za su bayyana. Kwashe su, ka yi wa filashin fomat, ka kuma bincika kwamfutar da aka jona shi a cikinta.

Don tabbatar da cewa tsaron ya dawo aiki, je shafin eicar.org ka gwada sauke fayil ɗin gwaji na EICAR. Ɗan rubutu ne mai haruffa 68 marar cutarwa, wanda kamfanonin antibairos suka amince su riƙa kama shi kamar bairos. Idan Defender ya tare shi nan take, kariya na aiki. Idan ya sauka lafiya har ya zauna a folda, koma ka duba Real-time protection da Exclusions, ka danna Check for updates a ƙarƙashin Protection updates, sannan ka sake gwadawa.